Wai Ina Abin da Ya Ƙone Yake Tafiya? Fashin Baƙi Kan Riyakshan da Ikweshan Ga Ɗaliban Kemistiri

Duk sanda jarrabawa ta matso zaka ga ƙorafi ya cika Facebook da WhatsApp, ɗaliban kimiyya suna ta cewa kemistiri ta fi ƙarfinsu, kuma in ka tsare mutum ka ce to ina ne takamaimai ya gagare ka, kusan amsa ɗaya ce: balansin ikweshan. Wani ya ce shi dai haddace su yake yi, in aka ɗan juya tambayar shikenan ya ɓata. Wata ta ce ita har yau bata san dalilin da yasa ake saka 2 a gaban wani abu a bar wani ba, tana ganin kamar malam ne kawai ya ga dama.

Abin yana damuna wallahi, saboda yaran nan ba ƙwaƙwalwa suka rasa ba, abu ɗaya ne aka tsallake musu tun a ranar farko. Bari in yi muku tambaya biyu. Ka kunna kyandir ya ci har ya ƙare, ina ya tafi? Sannan ƙusa ta kwana biyu a waje ta yi tsatsa, nauyinta ƙaruwa ya yi ko raguwa? Mafi yawan mutane, har da manya masu ilimi, zasu ce kyandir ya ɓace, ƙusa kuma ta rage tunda tsatsa ta cinye ta. To duka biyun ba haka bane, kuma wanda ya gane dalili ya gane rabin darasin.

Mece ce riyakshan ɗin ma tukuna?

Komai da kake gani ko taɓawa an yi shi ne da wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai da ake kira atom. Nau'in atom ɗin da aka sani zuwa yanzu 118 ne, kowane nau'i shi ake cewa elemen, irin su oksijin, haidurojin, kabon, ƙarfe, zinariya, farar wuta. Atom basu cika zama su kaɗai ba, riƙe juna suke yi, in sun riƙe juna sai su zama molekul ko wani haɗaɗɗen sinadari. Ruwa misali, atom biyu ne na haidurojin riƙe da atom ɗaya na oksijin.

Riyakshan kuwa shi ne lokacin da wannan riƙon ya kwance aka sake sabon riƙo. Atom ɗin da suke tare suka rabu, kowa ya kama sabon abokin zama, sai ga wani abu daban ya fito wanda halinsa ba irin na farkon bane. Amma su atom ɗin suna nan yadda suke, ba a haifi sabo ba, babu wanda ya mutu, kabon bai koma oksijin ba. Wurin zama kawai aka canza. Ku riƙe wannan sosai don duk abin da zai biyo baya a kansa ya hau.

Shi yasa narkewar ƙanƙara ba riyakshan bace. Ƙanƙara H₂O ce, ruwa H₂O ne, tururi ma H₂O ne, siffa ce ta canza. Amma in ka saka wa ruwa lantarki ya rabu zuwa iskar haidurojin da iskar oksijin, to nan riyakshan ta faru, domin ruwa yana kashe wuta, haidurojin kuwa kama wuta yake, oksijin kuma shi ke rura ta. Kaga halaye uku mabambanta daga atom iri ɗaya. Alamun da ake koya muku na gane riyakshan, wato canjin launi, fitar kumfa ko iska, zafi ko haske, ko wani guggubi ya kwanta a ƙasan kwalba, alamu ne kawai ba hujja ba, ruwan da ke tafasa ma ai yana fitar da ƙwai-ƙwai na tururi kuma babu sabon abu da ya samu. Tambayar da ke raba gardama ita ce: shin an sami sabon sinadari ko a'a?

Kuskuren da masana ma suka daɗe a cikinsa

Kada ɗalibi ya ji kunya don ya ɗauka abin da ya ƙone ɓacewa yake. Masanan Turai sun yi kusan shekara ɗari suna kan wani ra'ayi makamancin wannan. Wani Bajamushe, Georg Stahl, ya yaɗa cewa duk abin da ke ƙonewa akwai wani abu a cikinsa da ake kira fulojiston, shi ke fita in wuta ta kama, toka kuma ita ce ragowar. Ra'ayin ya shiga hankali, tunda katon gungumen itace yana komawa 'yar toka mara nauyi. Matsalar ita ce ƙarfe. In ka ƙona ƙarfe irin magniziyom ko kuza, abin da ya rage ya fi na farkon nauyi. To ya za a yi abu ya fita daga jikinka kuma ka ƙara nauyi?

Wanda ya warware wannan ƙullin shi ne Antoine Lavoisier, mutumin Faransa, kuma ba da dogon turanci ya warware shi ba, da sikeli ne. A 1774 ya zuba kuza a kwalba ya toshe bakinta ruf, ya auna, ya dumama ta har kuzar ta canza kama, ya sake aunawa, nauyin kwalbar da abin da ke ciki bai motsa ba. Da ya buɗe sai iska ta afka ciki. Ashe kuzar ce ta zuƙi wani ɓangare na iskar da ke cikin kwalbar, nauyin da ta ƙara daga iskar ya fito. Wannan ɓangaren shi ne oksijin, wanda Joseph Priestley na Ingila ya ware a shekarar 1774 ɗin, Carl Scheele na Suwidin ma ya same shi nasa daban, amma Lavoisier ne ya raɗa masa suna ya kuma gane aikinsa. A 1789 ya rubuta dokar ƙarara: nauyin abin da ya shiga riyakshan daidai yake da nauyin abin da ya fito. Matarsa Marie-Anne ita ke zana kayan gwajin tana rubuta sakamako tana fassara masa rubuce-rubucen masanan Ingila, ba a cika ambatonta a aji ba kuma ya kamata a riƙa yi. Shi kansa an fille masa kai a 1794 lokacin juyin juya halin Faransa saboda aikin karɓar haraji da ya yi.

Yanzu mu koma kan kyandir. Kakin kyandir kabon ne da haidurojin. Da ya kama wuta, kabon ɗin ya haɗu da oksijin na iska ya zama kabon dayoksaid, haidurojin ɗin ya haɗu da oksijin ya zama tururin ruwa, duka biyun ido baya ganinsu shi yasa muke cewa ya ɓace. Kifa kofin gilashi mai sanyi a saman harshen wutar na ɗan lokaci zaka ga raɓa ta kwanta a ciki, gani ya kori ji. Da zaka tara duk iskar da ta fita ka auna, ta fi kyandir ɗin nauyi. Ƙusa kuwa oksijin ta ɗauka ta ƙara a jikinta, in dai tsatsar bata kakkaɓe ta zube ba to nauyi ta ƙara.

Yadda ake karanta ikweshan

Ikweshan ba wani abu bane illa gajeren rubutu na wannan labarin. John Dalton ne ya kawo bayanin atom a 1808, amma shi da'irori yake zanawa, sai Berzelius na Suwidin wajen 1813 ya kawo tsarin haruffan da muke amfani da su yau. Da yake daga sunayen Latin ya ɗauko wasu, shi yasa ƙarfe ya zama Fe, sodiyom Na, potasiyom K, zinariya Au, azurfa Ag, dalma Pb, jan ƙarfe Cu. Harafin farko babba, na biyu ƙarami, kuma wannan ba ado bane: Co ƙarfe ne mai suna kobalt, CO kuwa iska ce mai kisa.

Abubuwan da ke hagu su ne masu shiga riyakshan, na dama su ne abin da aka samu, kibiyar tsakiya tana nufin "ya koma" ko "ya bada". Ƙananan haruffan da ke biye da fomula, wato rubutun sinadari irin H₂O, suna faɗin yanayin abin ne, (s) daskararre, (l) mai ruwa-ruwa, (g) iska, (aq) wanda aka narkar a ruwa. In an rubuta

C(s) + O₂(g) → CO₂(g)

ka karanta shi da bakinka kamar jimla: atom ɗaya na kabon ya haɗu da molekul ɗaya na oksijin ya bada molekul ɗaya na kabon dayoksaid. Ina roƙon ɗalibai su saba da karanta ikweshan da murya, yana taimakawa fiye da yadda kuke zato.

Wani abu da ke kada mutane tun kafin su fara balansin, akwai elemen bakwai da in suna su kaɗai bibbiyu suke tafiya: H₂, N₂, O₂, F₂, Cl₂, Br₂, I₂. In ka rubuta O kawai a matsayin iskar oksijin ka riga ka kauce hanya.

Lambar gaba da lambar ƙasa, nan ne ake faɗuwa

In akwai wurin da zan so ku tsaya ku karanta sau biyu to nan ne. Ɗauki wannan:

H₂ + O₂ → H₂O

Ƙirga. Hagu haidurojin 2, oksijin 2. Dama haidurojin 2, oksijin 1. Oksijin ɗaya ya yi ɓatan dabo, kuma mun riga mun ce atom baya ɓata. Abin da ɗalibi ke yi cikin gaggawa shi ne ya maƙala 2 a ƙasan O ɗin dama ya koma H₂O₂, ya ƙirga yaga 2 da 2, ya yi murna. Na sha ganin wannan a takardun yara kuma duk sanda na gani sai na ji ba daɗi, don na san yaron ya iya ƙirga, abin da ba a gaya masa ba shi ne H₂O₂ ba ruwa bane, haidurojin faroksaid ne, wanda ake wanke ciwo da tsarmammensa, mai ƙarfinsa kuma ƙona fata yake. Ka daidaita lissafi amma ka canza labarin gaba ɗaya.

Lambar ƙasa sunan abin ce, ita ke faɗa maka ko wane sinadari ne. Joseph Proust ya nuna tun ƙarshen ƙarni na 18 cewa kowane haɗaɗɗen sinadari rabonsa ɗaya ne a ko'ina, ruwa ko daga ina ka ɗebo shi giram 1 na haidurojin ne ga giram 8 na oksijin. Saboda haka ba ka da ikon taɓa lambar ƙasa. Lambar gaba kuwa adadi ce, guda nawa ka ɗauko, wannan ita ce taka, juya ta yadda kake so. Saka 2 a gaban H₂O, oksijin ya zama 2 da 2, amma haidurojin na dama ya koma 4, sai ka saka 2 a gaban H₂:

2H₂ + O₂ → 2H₂O

Haidurojin 4 da 4, oksijin 2 da 2. Ya zauna. Ku lura lambar gaba tana ninka duk abin da ke cikin fomular ne, 3H₂SO₄ yana nufin haidurojin 6, farar wuta 3, oksijin 12. Haka in akwai baka, kamar Ca(OH)₂, 2 ɗin na O da H ne duka.

Mu yi balansin tare

Shawarata ita ce ka ja layi biyu a gefen takarda ka rubuta kowane elemen da adadinsa hagu da dama, kada ka riƙe a ka. Ka fara da fomular da ta fi cunkoso, ka bar oksijin da haidurojin da duk wani elemen da ke tsaye shi kaɗai sai ƙarshe, saboda shi zaka iya juya shi ba tare da ka ɓata wa kowa lissafi ba.

Ƙonewar iskar misen: CH₄ + O₂ → CO₂ + H₂O. Kabon 1 da 1, babu matsala. Haidurojin 4 a hagu, 2 a dama, saka 2 gaban ruwa. Yanzu oksijin na dama: 2 daga CO₂, 2 daga ruwa biyu, 4 kenan, to 2 gaban O₂.

CH₄ + 2O₂ → CO₂ + 2H₂O

Tsatsa a taƙaice: Fe + O₂ → Fe₂O₃. Oksijin 2 a hagu, 3 a dama, ɗaya cika ɗaya mara. Nemi lambar da 2 da 3 duka suke shiga, 6 ce. Uku gaban O₂, biyu gaban Fe₂O₃, ƙarfe ya zama 4 a dama sai ka ba shi 4 a hagu.

4Fe + 3O₂ → 2Fe₂O₃

A zahiri tsatsa sai da danshi take samuwa kuma akwai ruwa maƙale a jikinta, wannan ikweshan ɗin an sauƙaƙa shi ne, amma ya isa ya nuna inda nauyin ya fito.

In kaga gungun atom irin SO₄ ko NO₃ ya tsallaka daga hagu zuwa dama bai watse ba, ɗauke shi a matsayin abu guda, kada ka wahalar da kanka da warware shi: 2NaOH + H₂SO₄ → Na₂SO₄ + 2H₂O. Kuma rabin lamba ba laifi bane a tsakiyar aiki. Okten, ɗaya daga sinadaran fetur, C₈H₁₈ ne, zai bada CO₂ guda 8 da ruwa guda 9, oksijin ya kama 16 da 9, 25 kenan, wato O₂ goma sha biyu da rabi. Sai ka ninka komai da biyu:

2C₈H₁₈ + 25O₂ → 16CO₂ + 18H₂O

Wanda aka ba wannan ya haddace zai manta kafin sati, wanda ya ga inda 25 ta fito ko an canza masa da C₃H₈ zai yi.

Daga ƙirga zuwa awo: maganar mol

To amma ba wanda ke ƙirga atom ɗaya bayan ɗaya a ɗakin gwaji, aunawa ake yi. Gadar da ke tsakanin ƙirga da awo ita ce mol, kuma ɗalibai suna tsoronta ba gaira ba dalili. Dozin 12 ce ko? To mol ma lamba ce haka, sai dai ita 6.022 × 10²³ ce, ana kiranta lambar Avogadro don tunawa da masanin Italiya Amedeo Avogadro. An zaɓe ta ne saboda in ka tara atom masu wannan yawan, nauyinsu a giram zai zo daidai da lambar nauyin da ke teburin elemen. Mol ɗaya na kabon giram 12, na atom ɗin oksijin giram 16, na ruwa 2 da 16 wato giram 18. Giram 18 na ruwa bai wuce kurɓi ɗaya ba, amma molekul ɗin da ke ciki 6 ne da sifili 23 a bayansa, ni har yau in na tuna wannan sai in jinjina kai.

Yanzu ikweshan ɗin misen ya zama abin aunawa. CH₄ giram 16, O₂ biyu giram 64, jimla 80. CO₂ giram 44, ruwa biyu giram 36, jimla 80. Dokar Lavoisier kenan a gabanka. Ƙarfe giram 224 ya sha oksijin giram 96 ya zama tsatsa giram 320. Magniziyom giram 24 in ya ƙone farar tokarsa giram 40 ce.

Kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne a ɗauki lambar gaba a matsayin giram. 2H₂ + O₂ baya nufin giram biyu da giram ɗaya, mol biyu ne da mol ɗaya, wato giram 4 da giram 32. In aka baka haidurojin giram 4 amma oksijin giram 16 kawai, oksijin zai ƙare tun haidurojin yana rabi, ruwa giram 18 zaka samu, giram 2 na haidurojin su yi saura. Kamar mai haɗa keke ne da ke da taya goma amma gangar jiki uku, keke uku zai fitar komai yawan tayoyinsa. Wanda ya fara ƙarewa shi ke yanke yawan abin da za a samu, da shi ake lissafi.

Ire-irensu, a gurguje

Ba zan daɗe a nan ba don littattafanku sun yi bayani. Akwai wadda abu biyu ke haɗuwa su zama ɗaya, kamar sodiyom da kulorin, ƙarfen da ke kama wuta a ruwa da iska mai guba, su haɗu su bada gishiri. Akwai wadda abu ɗaya ke fashewa, kamar dutsen farar ƙasa in aka gasa shi, CaCO₃ → CaO + CO₂. Akwai wadda mai ƙarfi ke ture mai rauni, jefa ƙusa a ruwan kofa salfet mai shuɗi zaka ga jan ƙarfe ya lulluɓe ta, Fe + CuSO₄ → FeSO₄ + Cu. Akwai musayar abokai, ciki har da asid da alkali da ke bada gishiri da ruwa. Sai ƙonewa. Amfanin sanin wannan rabon shi ne ka iya hasashen abin da zai fito a dama in an baka hagu kawai.

Abin da ikweshan baya gaya maka

Ikweshan yana faɗin me ya shiga, me ya fito, nawa da nawa. Baya faɗin yaushe. Haidurojin da oksijin zasu iya zama a kwalba ɗaya tsawon lokaci babu abin da ya faru, tartsatsi ɗaya sai kaji fashewa. Dalili shi ne kafin a ƙulla sabon riƙo sai an kwance tsohon, kwancewar kuma tana cin ƙarfi, kamar tudu ne da sai an haura kafin a gangara. Shi yasa ashana bata kama da kanta sai an ƙyasta. In ƙarfin da sabon riƙo ya saki ya fi wanda aka kashe wajen kwance tsohon, riyakshan zata fitar da zafi, in akasin haka ne zata sha zafi. Zafi, da yawan sinadarin a cikin ruwa, da niƙa abu ya zama gari duk suna ƙara sauri. Katalis kuma shi rage tsayin tudun yake yi, ya fito yadda ya shiga, shi yasa ake rubuta shi a saman kibiya.

Wasu kuma basa tafiya gaba kawai, suna zuwa suna dawowa, sai a yi musu kibiya mai kai biyu. Mafi shahara ita ce N₂ + 3H₂ ⇌ 2NH₃. Naitirojin shi ne kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa amma riƙonsa uku ne mai taurin gaske, shuka bata iya amfani da shi haka. Fritz Haber ya nuna yadda za a tilasta shi a 1909, Carl Bosch ya kai abin matakin masana'anta a Jamus a 1913, ana amfani da zafi wajen digiri 450, matsi kusan ninki 200 na iskar duniya, da ƙarfe a matsayin katalis. Daga wannan ɗan layin ake samun amoniya, daga amoniya ake yin takin zamani, kuma masana suna ƙiyasta kusan rabin mutanen duniya cimarsu ta dogara da shi.

Hadda ko fahimta, wa ke da gaskiya?

Malamai sun kasu a kan wannan. Wasu suna cewa lokaci ƙanƙane ne, manhaja tana da yawa, tambayoyin jarrabawa kuma maimaita kansu suke, gara yaro ya haddace ikweshan talatin ko arba'in ya wuce. Wasu kuma sun tsani hadda kwata-kwata, sun ce a bar yaro ya gano komai da kansa. Ni a ganina kowane ɓangare ya kama wani abu ya saki wani. Akwai abin da dole sai an haddace, babu wata dabara da zata sa ka gano cewa K potasiyom ne, ko balensi, wato yawan riƙon da atom ke iya yi, na kalsiyom 2 ne na alminiyom 3, ko SO₄ cajinsa biyu ne. In baka san waɗannan ba zaka rubuta CaCl maimakon CaCl₂, kuma ikweshan da fomularsa ta karkace ko kwana kayi kana balansin ba zai yi daidai ba, mafi yawan waɗanda suke cewa "ya ƙi balansuwa" matsalarsu a nan take. Amma lambobin gaba ba abin hadda bane ko kaɗan, abin ƙirgawa ne. Inda aka cuci yara shi ne an juya abin, an sa su haddace abin ƙirgawa an kuma bar su suna cankar abin haddacewa.

Akwai kuma gardamar hanya, ko a yi ta gwaji har ya zauna, ko a saka a, b, c, d a gaban kowace fomula a warware da aljebra. Ga ikweshan na sakandare gwaji ya fi sauri. Aljebra sai in abin ya yi tsawo ya rikice.

Ina ruwan wanda ba ɗalibi ba?

Da ruwansa fa. Lita ɗaya ta fetur nauyinta bai kai kilo ɗaya ba, wajen giram 740 ne, amma in ta ƙone tana fitar da kabon dayoksaid kusan kilo 2.3. Mutane suna jin wannan a labaran sauyin yanayi su ce ƙarya ne, ta yaya hayaƙi zai fi man nauyi. Koma ikweshan ɗin okten: giram 228 na mai ya sha giram 800 na oksijin, ya bada giram 704 na CO₂ da giram 324 na ruwa. Nauyin daga iska ya fito, irin na ƙusa. Haka masana'antar siminti, duk tan 100 na CaCO₃ da aka gasa tan 44 iska ce ke tashi sama, tun kafin a lissafa makamashin da aka ƙona.

Sai kuma wanda ya shafi rai kai tsaye. In oksijin ya wadata, C + O₂ → CO₂. In ya yi ƙaranci, 2C + O₂ → 2CO. Bambancin atom ɗaya ne tak na oksijin, amma CO bashi da launi bashi da wari, kuma yana maƙale wa jini fiye da oksijin sau ɗari biyu ko sama da haka. Janareta a cikin ɗaki ko a lungun da iska bata ratsawa, gawayi a rufaffen ɗaki lokacin sanyi, mota a kunne cikin gareji a kulle, duk ikweshan na biyun ne ke gudana, mutum ya fara da ciwon kai da jiri ya ɗauka gajiya ce ya kwanta.

Haka masu haɗa magungunan wanki don wai su ƙara ƙarfi. Bilic, ruwan nan na farar da tufafi, in ya haɗu da maganin wanke masai mai asid, abin da ke faruwa shi ne NaOCl + 2HCl → NaCl + H₂O + Cl₂. Wannan Cl₂ ɗin na ƙarshe ita ce iskar kulorin, wadda aka saki kan sojoji a Ypres ta ƙasar Beljiyam a 1915 lokacin yaƙin duniya na farko, kuma Haber ɗin nan na takin zamani yana cikin waɗanda suka jagoranci aikin. In ka haɗa bilic da abin da ke da amoniya ma wata iskar mai ƙona huhu ce ke tashi. Duk wanda ya haɗa bisa kuskure ya ji wari mai shaƙewa, ya fita daga wurin nan take, ya bar ƙofa da taga a buɗe, in numfashi ya ƙi daidaita a kai shi asibiti.